Ƙofa a Bushe

Yaya Yordanka,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, da sauƙi? Ya yara? Mu nan tsibirin lafiya lau. Mijina Tsvetan yana ta jigilar kifi zuwa birni da ƙaramin jirgin sama, aiki ba laifi.

Wataƙila kun ji wani jirgi ya faɗi. Kwantar da hankalinki, na abokin aikinsa ne, Manolis. Rana ta faɗi, hadari ya haɗo, kowa ya ce ya bari sai da safe, ya ƙi. Dutsen bayan gari ya daka cikin duhu. Ranar Talata aka binne shi.

Jiya ma sama ta yi baƙi, sai ga Tsvetan yana ɗaura takalmi. Na ce, "Yau ma?" Ya ce, "Haba Nevena, hanyar nan ko ido rufe zan bi ta." Yaya, haka Manolis yake cewa.

Na ɗebo ruwa zan zuba a bakin ƙofa, yadda Mama take yi mana don tafiya ta gudana kamar ruwa. Ya yi dariya, ya ce, "Ruwan da ke shirin sauka daga sama bai ishe ki ba?" Mai gidan hayarmu kuma ta leƙo ta hana, wai zan kayar da mutane a matakala. Haka ya fita ƙofa a bushe. Ya dawo dai, amma ban runtsa ba.

Don Allah ki sa Mama ta riƙa zuba masa ruwa a ƙofarmu ta gida kullum da yamma. In ta tambayi dalili, ki ce kifi ne ba ya ciniki.

Ƙanwarki,
Nevena