Maganin Bara

Tamanrasset, Gataa El Oued

Zuwa ga ɗana Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da karatu, da mutanen gidan kawunka a Damagaram. Ina fatan kuma kana sallar asuba a kan lokacinta, ba sai rana ta fito ba yadda ka saba. A takarda na rubuta, na ɗauki hoto na turo maka, don in na kira ka babanka zai ji ta bango, ka kuwa san ba a ambaton sunanka a gidan nan tun hutun da ka zo.

Babanka ba shi da lafiya. Murar bana ce, wadda ta kwantar da rabin unguwa tun da sanyi ya sauko daga duwatsu. Samarin Maraɗi masu aikin gini da ke kwana bayan shagonsa ta fara kamawa. Ba su da takardu, sun gwammace su kwanta a kan tabarma da su je asibiti a tambaye su daga ina suke. Ka san halin babanka. Duk shekara yakan sayi kafson nan mai ruwan ɗorawa a hannun wani direba, ya sa almakashi ya yayyanka katin maganin, kowa ya samu biyu ko uku. Shi ma haka yake sha, da zazzaɓi ya sauka ya miƙa ragowar ga wanda ke tari. Halin kirki ne wannan, kada ka kuskura ka yi masa dariya daga inda kake.

Bana ya sha, ya sake sha, zazzaɓin ko motsi bai yi ba. Da ƙyar na sa Muntari, maƙwabcinsa na kasuwa, ya lallashe shi muka je kilinik. Likitar Balarabiya ce, da Faransanci ta yi bayani, ni na fassara, abin da na koya a kolej bai zube duka ba. Ta ce ƙwayar murar ta sauya, kafson nan ya daina kama ta. Waɗanda maganin bai kashe ba su ne suka hayayyafa, kuma shan rabi-rabi taimaka musu yake yi. Ta rubuta wani sabo, ta ce a fara shi da wuri saboda shekarunsa da ciwon sukarinsa.

Ina fassarawa ina jin maganarka tana fitowa daga bakina. Ita ce dai wadda ka yi a kan tiren abinci, gaban baƙi, ranar da Muntari ya tambaye ka ko mu ma daga biri muka sauyo, ka yi dariya maimakon ka nemi tsari. Babanka ya dube ni, ya gyara hularsa, ya fita ya bar mu. Na sayo sabon maganin a farmasi, ya ce ba zai sha ba. Ya ce Allah ya halicci kowane abu ya gama, ba ya dawowa gyara, kuma in ya sha to ya yarda da kai ke nan.

Ka ga abin da bakinka ya jawo. Ka yi masa addu'a.

Mahaifiyarka,
Rakiyatu


Tamanrasset

Zakariya'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan ka tashi lafiya. Ka gaida kawunka, amma kada ka gaya masa komai tukuna, zai cika dangi da waya.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, duk da tsawonsa. Ka ce ba za ka iya musun abin da kake gani da idonka a ɗakin gwaji na jami'a ba. Ka ce sauyawar ƙwayar cuta ba ta rage wa Allah komai, Shi ne ya yi ta haka. Ban tambaye ka ba. Ko gaskiya ce, ba a gaban baƙi ake kayar da uba ba. Ilimin da bai koya maka wannan ba, ban san me ya koya maka ba.

Isufu ya rasu, dogon nan mai kwaɓa siminti da ke kawo mana ruwa. An kai shi jiya. Babanka ya so ya bi gawa, ƙafafunsa suka ƙi. Yanzu a zaune yake kwana, jingine da bango, in ya kwanta numfashi ba ya isarsa. Na je wajen limamin masallacinmu, ya zo har gida ya ce masa shan magani ba ya taɓa imani, Allah kuma yana jujjuya halittarsa yadda ya so. Babanka ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dafa masa shayi. Da limamin ya fita sai babanka ya ce yaro ne, shi ma lekkol ya yi, karatun boko, kafin ya kama limanci.

Na zauna na yi tunani. Ba likitar yake jayayya da ita ba, ba kuma limamin ba. Kai ne tsaye tsakaninsa da maganin nan. In ka janye, babu sauran wanda zai ji kunyar ya yarda da shi, sai ya sha abinsa. Saboda haka ka kira shi bayan la'asar, lokacin da Muntari ke zuwa duba shi, don a gabansa aka yi, a gabansa za a gyara. Ka ce ka yi kuskure, ka janye duk abin da ka faɗa, ya yafe maka. Kada ka ƙara da “amma”, na san ka. Abin da ke cikin littattafanka ka bar shi a can, ba wanda zai ƙwace maka.

Ba shawara nake ba ka ba. Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Rakiyatu


Tamanrasset

Ɗana Zakariya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Ina fatan kana cin abinci, muryarka ba ta yi mini daɗi ba ranar da ka kira.

Ka yi abin da na ce, ka yi shi daidai, Allah ya yi maka albarka. Ina tsaye bakin ƙofa na ji komai. Da ka ajiye waya babanka ya yi kuka, abin da ban gani ba tun rasuwar kakarka. Ya yi ta sa maka albarka. Ya ci tuwo ranar, kaɗan dai, amma ya ci. Na bari har baƙi suka watse, sannan na kawo sabon maganin da ruwa a kofi na durƙusa gabansa.

Ya yi murmushi ya ture hannuna a hankali. Ya ce yanzu ai magana ta ƙare, tunda wanda ya yi jami'a ma ya shaida da bakinsa cewa babu abin da ke sauyawa. Murar bara ce, maganin bara zai kore ta, haƙuri kawai ake so. Ya aika aka sayo masa wani kwalin mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya ba shi labarin yadda ɗansa ya dawo hanya, Muntari kuma ya kai labarin kasuwa. Biyu daga cikin samarin ginin da na shawo kansu su je kilinik sun fasa.

Na buɗe sabon kafson na zuba masa a kunu. Ya ji ɗacin tun kurɓar farko. Bai yi faɗa ba, ya dai ajiye kofin, tun ranar kuma abincin gidan Muntari kaɗai yake ci. Na koma wajen likitar ni kaɗai. Ta ce lokacin da maganin ya fi amfani ya wuce, yanzu gado yake bukata da iskar numfashi, a kawo shi. Na gaya masa. Ya ce ni ma in tuba kamar yadda ɗana ya tuba.

Ka tambaye ni ko ka sake kira ka gaya masa gaskiya. In ka kira, zai janye albarkar da ya sa maka, kuma ba lalle ne ya sha ba. In ba ka kira ba, kana jin yadda numfashinsa yake. Na juya maganar nan a kan sallaya, na juya ta a madafa, ban ga inda zan kama ta ba. Tun kana ƙarami ban taɓa rasa abin da zan ce ka yi ba, sai yau.

Kullum yana tambaya yaushe za ka zo, ya sa an share maka ɗaki. Ka nemi mota ta Agadas ka taho, kada ka tsaya jiran jarrabawa. Abin da za ka ce masa in ka iso, ni ban sani ba.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka iske shi.

Mahaifiyarka,
Rakiyatu