Bakin Tafinta Ya Bushe

Litinin, 10 Fabrairu 2025
Ina tsaka da fassara wa wani tsohon Bagwari maganar alƙali, harshena ya manne a ganɗa. Shekara goma sha ɗaya ina tafinta a kotun nan, yau kalma ta ƙi fita. Sai da Christina magatakarda ta turo min ruwa.

Alhamis, 20 Fabrairu
Haƙori ya gutsure ina cin burodi. Burodi fa.

Talata, 25 Fabrairu
Na je asibitin Gwagwalada. Dakta Maliki ya ƙirga haƙora bakwai da suka ruɓe daga gindi. Ya ce ciwon nan nawa sunansa Shogiren, garkuwar jiki ce ke cin inda yawu ke fitowa, kuma yawu ne mai wanke haƙori. Na ce sau uku nake goge baki. "Hajiya Hansatu, me kike tsotsa in bakin ya bushe?" Alewa. Shekara biyu, kullum. Ashe da hannuna na taya ciwon.

Man goge baki na musamman, cingam marar sukari, kurɓar ruwa a kai a kai. Ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi.

Laraba, 5 Maris
Azumi na biyar. Kafin azahar leɓe ya tsage, harshe ya yi fari, haɗiya ta gagara. Na karya a bayan ofis kamar ɓarauniya. Badaru ya ce, "Allah ya san halinki, ki ciyar kawai." Mijina ya fi ni gaskiya. Na so in yi kuka, idon ma ba ruwa.

Talata, 18 Maris
An cire biyu na gaba.

Laraba, 2 Afrilu
Yanzu "s" ɗina fito yake yi. Wani lauya ya sa na maimaita sau uku, aka ɗan yi dariya. Oga ya kira ni, wai in koma ɗakin fayil "kafin ki samu sauƙi". Ni da shi duk mun san babu kafin.

Juma'a, 11 Afrilu
Kwana bakwai a ɗakin fayil. Ta bango ina jin sabon tafinta. Ya ce "jingina" inda ya kamata ya ce "aro". Na miƙe, na kai bakin ƙofa, sai na dawo na zauna.

Yau har aka tashi ban yi magana da kowa ba. Bakin bai yi zafi ba. Ban ce na ji daɗi ba.