Hoton Tisho na Ranar Arba'in

Ruse, ranar Talata.

Yaya Nevena,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan muna nan. Mama tana cin abinci in an ajiye mata, tana shan maganinta in an tuna mata. Ni ma ina zuwa aiki ina dawowa. Mutane suna tambayata yaya haƙuri, ina amsawa, amma ban san ko abin da nake yi haƙuri ba ne ko kuwa ban fara jin komai ba tukuna.

Asabar ta sama ce arba'in ɗin rasuwar ɗan'uwanmu Tisho. Na sayi alkamar da za a dafa ta sadaka, na yi magana da fadan cocinmu. Saura sanarwar da za a liƙa a ƙofar gida da bakin coci, kin san ta arba'in ita ce ake sa wa hoto. Mama ta ce ba ta yarda a sa na katin shaidarsa ba, wai ya yi kama da wanda 'yan sanda ke nema. Ta ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoton bukukuwan mutane ba zai rasa nasa mai kyau a kwamfutarsa ba, in je in duba.

Na je ɗakinsa na kunna. Ban ga hoto ko ɗaya ba, sai wata alama da ya rubuta wa “aiki”. Ina dannawa allon ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauka na lalata wani abu, na zare wayar wuta. Washegari na sake, na bi komai a hankali, allon ya sake mutuwa, na sake zarewa. Haka na yi ta yi, ban gaya wa Mama ba.

Daga baya na kira Zdravko, abokinsa mai gyaran kwamfuta. Da ya ji abin da nake yi sai ya ce in cire hannuna daga wayar nan kafin ya zo ya cire min shi da kansa. Ya zo da yamma, ya kira ni babban injiniyan kashe wuta, sannan ya yi min bayani. Ashe kwamfuta biyu ce a akwati ɗaya, ta biyun Tisho ya gina ta a cikin ta farko, a can yake gyaran hotuna. Katin da ke fitar da hoto a allo kuwa ɗaya ne tak. In ta cikin za ta tashi, dole ta wajen ta sakar mata katin gaba ɗaya ta zauna ba ido, kuma a tsakanin nan duhu ake gani. Ya ce ya sha gaya wa ɗan rowar nan ya ƙara kati na biyu, Tisho kuma ya ce ai shi ya san duhunsa. Ya ce zare wutar da nake yi tana iya cinye duk abin da ke ciki, ba zai yi min alkawarin komai ba.

Muka danna, muka zauna muna kallon baƙin allo. Ni dai na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyata. Can sai ya kawo haske, komai yana nan.

Yaya, na duba su duka, fayil bayan fayil. Amare, jarirai a wurin baftisma, tsofaffi suna rawa, Mama tana yanka burodi, ke a tashar jirgi, har ni ina barci a kujera. Shi babu. Ko ɗaya. Kullum shi ne a bayan kyamara. Na gaya wa Mama, ta ce to, ta ci gaba da tsince alkama.

Don haka nake roƙonki ki duba wayarki da ta yara. Ko daga gefe aka ɗauke shi, ko yana tauna abu, ki turo kafin Alhamis, ran nan mai buga takardu yake so. In fuskarsa ta fito, ya isa.

Ki gaida maigidanki Radoslav, ki shafa min kan Yoana da Boyan. Mama da Gwaggo Tsveta suna gaishe ku.

Ƙanenki da ya rage,
Lyuben