Takalma a Ƙofar Malam Idi

Daren Alhamis, unguwar Manshiya

Mu malaman da ke koyar da 'ya'yan baƙi mun taru a gidan Malam Idi, shugaban ƙungiyarmu, don mu tsayar da albashi ɗaya, masu makarantu su daina raba kanmu. Kamar kullum, muka tuɓe takalma a ƙofa. Ashe wani maƙwabci ya ga tulinsu, ya ɗauka maɓoyar baƙin haure masu jiran motar arewa ce, ya kira 'yan sanda.

"Malama, bi ta katanga!" in ji Malam Idi da suka iso ƙofa.

Na haura, na iso gida ƙafa tsirara. Shi bai fito ba. Ya Allah! Jajayen takalmana suna can a ƙofar, kuma duk unguwar ta san mai su.