Jikana Ya Goge Mini Tsaga

Salamu alaikum 'yata Nasiha. Ki taimake ni kafin Asabar, an yi mini sata a fuska ina zaune.

Jikana Zaharaddin, wanda nake kira maigidana ko da yake ko goro bai taɓa saya mini ba, yana lise, wato sakandare, a nan Garwa. Malamar zanensu, Madam Pélagie, tana koya musu gyaran tsofaffin hotuna a ordinater, wato kwamfuta, su cire tabo da karce. Ya lallaɓo ya ɗauki hotona na 'yanmatanci a wayarsa, wanda aka ɗauke ni a Maruwa. Da ya kawo aikin, sai na ga wata yarinya sumul kamar ɓararren ƙwai. Ashe tsagata ta Gobirawa ya ɗauka karce ce, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya goge. Har yana mita, wai wani mugu ya bi hoton da allura, kumatu biyu.

Ban ga laifinsa ba. Tsagar ta shige cikin tamojin tsufa, ni kaina sai na lalubo ta.

Malama ta yaba, za a rataye hoton a bikin makaranta ranar Asabar da sunana a ƙasa, ni kuwa na gayyaci rabin unguwa. Ƙawata Mairamu ta leƙa wayar ta ce in wannan ni ce, to ita matar gwamna ce. Tsagar nan irin ta mahaifiyata ce, daga ni kuma babu mai ita a gidan. Amma yaron bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba sai a cin tuwo, yanzu har tafiyarsa ta canza. Ina tsoron in karya masa gwiwa. Kuma kada ki faɗa wa kowa, yarinyar hoton ta burge ni.

Tsohuwa Mai Fuskar Aro, Garwa.

Wa alaikumus salam Iya. Maigidan naki ya yi aikin da aka sa shi, kuma da gani hannunsa ya faɗa. Ke ma kina da gaskiya, fuskar da za a rataye da sunanki ya kamata ta zama taki.

Kada ki je wurin malama, zai ji kunya. Ki zaunar da shi a tsakar gida da rana, ki fara da yabo. Sannan ki ja fatar kumatunki, ki sa yatsansa ya bi layin, ki gaya masa ta wace ce. Hoton asali yana nan, mayar da tsagar ba zai ba shi wahala ba. Shi da kansa zai kai wa malama gyaran, kuma ina sa ran za ta ji daɗi.

Sumul ɗin kuwa, ya wanke miki ƙarami ki ajiye a ƙasan akwati, ba mai ji daga bakina. Allah ya kai mu Asabar lafiya. Ki zaunar da Mairamu a layin gaba.