Kibiya Lamba Takwas

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Jiki da sauƙi, sai dai hannun hagun nan da ya shanye har yanzu yana min taurin kai. Likita ya ce in kama saƙa, wai za ta farkar da yatsu. Ni, mai gyaran agogo shekara talatin, da zare a cinya.

Ɗana Injiniya ne ya sa na yarda. Ya karɓe makullin shagona, ya ce ƙarshen watan gobe zai kwashe kayana ya mayar wa mai gida ɗakinsa, sai fa in ke kika ce hannun ya dawo. Ɗan nan ba ya jin maganar ubansa, ta goggonsa kawai yake ji.

Na sayo kibiyoyin saƙa mafi siranta, na ƙarfe, lamba biyu, da baƙin zare don kada ya yi dauɗa. Ai na saba da ƙananan abubuwa. Kwana uku ke nan zaren yana sulluɓe min. Me zan yi?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi dariya har da ƙwalla. Kuskure uku ka kwaso a ciniki ɗaya.

Ƙarfe santsi gare shi, na ƙwararru ne masu sauri. Ɗan koyo da katako ko gora yake farawa, don suna riƙe zare. Lambar kuwa kaurin kibiya take nunawa, kuma da babba ake farawa. Baƙin zare ko ni sai na fito tsakar gida nake ganin inda na kwana a cikinsa.

Ga kibiyoyin katako nan, lamba goma, takwas, shida, huɗu da uku, da zare mai haske. Kauri da kauri, siriri da siriri, kada ka haɗa su aure na dole. Duk lambar da ka iya, ka aiko min da ƙyalle kamar tafin hannu. Ranar da na ga na lamba uku, zan kira Injiniya.

Ka gaishe da Maman Injiniya.
Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe abin ba wuya. Kwana tara kacal, ga ƙyallen lamba uku nan. Sauran lambobin na tsallake su don kada in ɓata miki lokaci. Sai ki kira yaron.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ƙyallen ya yi kyau ƙwarai, ka miƙa min yabo ga mai shi. Ka manta ni na koya wa matarka saƙa? Gefenta a ɗame yake kamar an ja layi da rula, ko cikin tsummoki ɗari zan tsamo nata. Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba, yanzu da furfura za ka koya?

Ban yi fushi ba, tausayinka ma na ji. Na san shagon nan ne rabin ranka. Amma ka koma lamba goma.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman afuwa. Ni na saƙa ƙyallen. Na ga mutumin ya daina cin abinci sosai, kullum yana ƙirga kwanaki a kalanda, sai zuciyata ta karye.

Ga nasa na gaskiya nan, lamba takwas. Ramuka huɗu ne a ciki, kuma ya fara da faɗi ya ƙare a tsuke. Ba zai kai lamba uku kafin ƙarshen wata ba, shi ma ya sani.

Amma akwai abin da ya hana ni faɗa miki. Babban agogon bangon falonmu da ya shekara biyu a tsaye, ranar Litinin ya sauke shi ya baje a tabarma. Kwana huɗu yana fama, noti na faɗuwa ina tsinto masa. Jiya da hantsi ina wanke-wanke na ji abu yana ƙas-ƙas. Na leƙo na same shi zaune, ya riƙe agogon da hannun hagun, yana murmushi shi kaɗai. Da ya gan ni sai ya haɗe rai, ya ce, "Kada ki gaya wa kowa. Agogon bango aikin 'yan koyo ne."

Ga shi na gaya miki. Allah ya ƙara girma.

Maman Injiniya

*

Injiniya,

Ina gaisuwa, ya aiki? Na taɓa cewa sai babanka ya kai lamba uku, to na janye. Yana lamba takwas, kuma ta isa. Ka kai masa makullinsa gobe da safe, ka goge masa teburin. Agogon bango kawai zai riƙa karɓa tukuna. Zai yi ƙunƙuni, ka bar shi ya yi shi a shagonsa.

Goggonka