Awa Guda a Jirgi, Yaya Habu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fata Allah Ya yalwata maka makwancinka, duk inda yake.

Ka tuna hutun da ka zo daga Rasha, kana sanye da rigar gashin da yaran Yammedi suka yi ta yi wa dariya? Karatun haƙar ma'adinai ya kai ka can ƙuryar arewacin ƙasar. Inna ba ta tambaye ka sanyi ko abinci ba. Abu ɗaya ya dame ta, in ta Allah ta kasance, wa zai yi maka sutura?

Ka san bakinka da daɗi. Ka ce akwai Musulmi da maƙabartarsu a wani gari, daga filin jirginku zuwa nasu awa guda ce, kamar Ƙaraye zuwa Rogo a motar kasuwa. Hankalinta ya kwanta. Ba ka faɗa mata babu hanyar mota a tsakani ba, sai daji da ƙanƙara.

Da abokin karatunka ya bugo waya Kano, aka aiko mana cewa ciwon haƙarƙari ya tafi da kai. Gawarka tana ajiye, guguwar ƙanƙara ta hana jirgin da zai kai ka maƙabartar tashi.

Muka shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, an kai shi? Mu sunkuyar da kai. Mu da ba ma barin gawa ta wuni, tamu ta kwana, ta sake kwana. 

Inna kuwa faɗa take yi. Wai ba maza a garin ne, da za a rasa masu ɗaukar makara? Na zana mata taswira a ƙasa, ta share da ƙafa, ta ce ai kai da bakinka ka faɗa mata nisan.

Wata safiya muka neme ta muka rasa. Bayan magariba wani mai keke ya goyo ta daga Rogo Ruma, inda ta taka da ƙafa, ƙafafunta a kumbure, likkafanin da ta tanadar wa kanta yana ƙulle a ɗankwali. Abin da ta ce kawai, ni tsohuwa ga shi na isa.

Daga baya aka ce jirgin ya tashi. Wanda ya wanke ka, da wanda ya sallace ka, har yau ba mu sani ba. Inna ba ta ƙara taka ƙafar nan sosai ba har ta bi ka. Kafin mu sa ta a likkafanin, sai na ga ashe tun da ranta ta yage ƙyalle ɗaya ta naɗe maka daban. Ban taɓa shi ba, Yayana, yana cikin akwatinka.

Allah Ya sa hannun Musulmi ne ya rufe ka. Ya haɗa ka da Inna inda babu nisa.

Ƙaninka da ke kewarka,
Sani.